Man shanu da ciwon zuciya: wa ya yi binciken, kuma ya shafe mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga unguwar Birni nake a Damagaram. An gano mahaifina na da hawan jini, aka ce ya rage man shanu da kitse da gishiri. Shi kuwa cewa yake kakanninmu da man shanu suka tsufa. Wa ya fara binciken da ya danganta man shanu da ciwon zuciya, kuma ya shafe mu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya. Maganarsa ba ta yarwa ba ce, zan zo kanta.

Wanda ya fi yin suna a wannan fage shi ne Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka, an haife shi a 1904, ya rasu a 2004. Da yunwa ya fara. Lokacin yaƙin duniya na biyu shi ya tsara guzurin sojojin Amurka, sannan a 1944 ya soma nazarin abin da yunwa ke yi wa jiki, da maza 36 da suka ba da kansu. Bayan yaƙi wani abu ya ɗaure masa kai: attajiran ƙasarsa masu ci su ƙoshi suna faɗuwa da bugun zuciya, leburorin birnin Naples a Italiya kuwa, masu cin taliya da wake da ganye da man zaitun, da wuya cutar ta kama su.

A 1958 ya ƙaddamar da binciken ƙasashe bakwai: Amurka, Finland, Holand, Italiya, Yugoslabiya, Girka da Japan. Maza sama da 12,000 masu shekara 40 zuwa 59 aka bi shekara da shekaru, ana auna jininsu, ana rubuta abin da ke shiga tukunyarsu. A gabashin Finland, inda ake danƙara man shanu a burodi, mutuwa daga ciwon zuciya ta yi yawa ƙwarai. A tsibirin Crete na Girka ma ana shan mai sosai, amma na zaitun, kuma cutar kaɗan ce. Ashe irin man ne abin dubawa kafin yawansa. Man da ke daskarewa in ya huce, irin wanda kake gani ya yi fari a kwanon balangu da safiyar hunturu, yana ƙara mugun kolestarol, wani nau'in maiƙo, a jini, wannan kuma a hankali ya maƙale a bangon jijiyoyi har hanya ta ƙuntace.

An soki Keys, kuma da hujja: babu mace a binciken, babu ɗan Afirka, bai sa Faransa ba, inda ake cin man shanu sosai amma cutar ba ta yi yawa ba. Wani masani a Ingila, John Yudkin, ya dage cewa a dubi sukari, yau an san shi ma da gaskiyarsa. Amma da mutanen Arewacin Karelia a Finland suka rage man shanu da gishiri da taba daga 1972, mutuwa daga ciwon zuciya a tsakanin magidanta ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

To, kakanninmu. Sun sha man shanu, amma ɗan cokali a kan tuwon gero da miyar kuka, bayan sun wuni a gona da ƙafa. Nama sai ranar kasuwa ko Sallah. Mu kuwa babur ke kai mu ko'ina, ga soye-soye da man da aka maimaita, ga shayi mai kauri da sukari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a nan shi ne gishiri, don hawan jini ne ke jawo mana shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke ɗaga jinin, ga yajin kilishi.

A roƙi Inna ta rage dunƙule, ta ƙara daddawa da albasa. A yawaita wake da kwaɗon zogale, man gyaɗa ya maye gurbin man shanu a yawancin kwanaki, a yanke kitse kafin a dafa nama. Baba ya riƙa taka ƙafa zuwa masallaci, a riƙa auna jininsa, kuma kada ya ajiye maganinsa don ya ji sauƙi sai likitansa ya ce.