Magaryata ta cika da fure, amma ba ɗa: namiji ce?

Tambaya: Ina da magarya mai aure, irin Gola, gindi 20 a garkata da ke Jiratawa, duk daga uwa ɗaya aka yanko rassan. Shekara biyu ke nan fure kamar ya karya reshe, sai ya kakkaɓe. Wasu sun ce maza ne in sare, mai magani a kasuwa ya ce feshi ne bai isa ba. Hankalina ya tashi.

Amsa: Malam, ajiye gatarin. Dabino da gwanda ke da namiji daban. Furen magarya kowane ɗaya yana ɗauke da namiji da mace.

Gindi 20 da aka aura daga uwa ɗaya, a wajen gado itace ɗaya ne. Tsirrai da yawa ba su karɓar garin furen kansu, wato ƙurar namijin fure da ke sa macen ta yi ɗa. Akwai ƙwayar gado da ake kira S, mai iri-iri, wadda masana East da Mangelsdorf suka bayyana a jikin taba a 1925. In garin ya zo da S irin na macen furen, sai ta gane na gida ne ta tare shi. A kabeji tun a bakin ƙofa ake korarsa. A tuffa yakan fara tsiro, sannan wani sinadari ya kashe shi a hanya. Furen da bai samu baƙo ba, faɗuwa zai yi.

Maganar feshi kuwa, wallahi ta ishe ni. Kusan kullum sai an zo mini da kwalba marar takarda, an biya jika biyu ko uku, wai "maganin zubar fure". Wane ƙwaro aka gani? Wa ya duba? Zuma da ƙudaje ne ke ɗauko garin daga wata magaryar su kawo maka, ka bi su da guba da hantsi, lokacin da suke kan aiki. Na shiga garkar da aka fesa tana cikin fure: tsit, ba ƙugin zuma, gawarwakinsu zube ƙarƙashin itace, yaron da ya yi feshin ba ko ƙyalle a hanci. Mai kwalbar ya ci riba, ya kuma ce a ƙara! Ku ji tsoron Allah, masu sayarwa.

Ka samo rassan wasu irin magarya, Umran da Seb, ka aura a kan wasu gindayen, iri biyu ko uku, don wani irin ma ba ya karɓar wani. Magaryar daji da ke bakin shinge, bar ta. Kada ban ruwa ya yanke lokacin fure, ƙishi ma na zubar da shi. Rassa na gaskiya, tambayi ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna kusa da Maraɗi.