Amsa ga 'yar'uwar da ke jinyar mahaifinta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce tun da aka fara yi wa mahaifinki allurar kimo ta maganin ciwon daji barci ya ƙaurace wa idonki, kina kuka ba gaira ba dalili, kina daka wa yaranki tsawa, har kina tambaya ko raunin imani ne. Ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba a tauye masa daraja ba.

Ni ma na yi jinyar mahaifiyata da ciwon dajin mama. Duk bayan mako uku mukan koma asibiti, kuma kafin ta farfaɗo daga amai da kasala lokacin wata allurar ya zo, ga kuɗin gwajin jini, ga na mota. Duk da haka, ba wahalar asibiti ce ta karya ni ba, dangi ne. Wani kawunmu, wanda ko sisi bai taɓa bayarwa ba, ya zo dubiya ya ga gashinta ya zube, sai ya tara mutane a tsakar gida yana cewa daji ba ya son ƙarfe, ni ce na kai ta aka taɓa ciwon ya fusata. A kunnenta ya faɗa. Ya kawo mai maganin gargajiya, aka ɗora mata wani ƙulli a kan gyambon, ya sa ta daina zuwa asibiti har wurin ya ruɓe. Da warin ya yi yawa, shi da masu goya masa baya suka ɗauke ƙafa, aka bar ni da wanke gyambo da wankin zannuwa cikin dare. Wani dare ina durƙushe a bakin famfo na ji zuciyata tana cewa da ma komai ya ƙare, sai tsoro ya kama ni, na kasa haɗa ido da ita washegari. Har yau idan na ji muryarsa a wurin biki sai gabana ya faɗi.

Likitar da ke duba mahaifiyata ce ta lura na rame, ta tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, inda aka bayyana mini cewa idan ƙunci da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu, ga rashin barci ko rashin cin abinci, to ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Kada kunyar a ce an gan ki a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa ta hana ki, domin manyan asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki sanar da wani a ranar, kada ki kwana da shi.

Ki daina jiran 'yan'uwanki su gane da kansu. Ki kira kowa da sunansa ki ɗora masa abu guda, wannan kwanan Juma'a, wancan kuɗin gwaji, domin "Allah ya ba da lada" ba ya sauke miki nauyi. Ranar da wani ya karɓe ki, ki kwanta ki yi barci, kada ki tashi yin wanki.

Ba ki faɗi irin ciwon Baba ba, amma idan na furostet ne, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ki tambayi likitansa game da asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara da na mama da na bakin mahaifa da na furostet, kuma asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya yana cikin inda aka soma shi. Sannan kada ki bari kowa ya shafa masa abin da likita bai sani ba, ko da babba ne a gidanku.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ki yi mini magana ta akwatin saƙo in kin ga dama, ko da tsakar dare ne.