Shin in bar aikin ba da shawara ga kamfanoni bayan shekara biyu kacal?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mazaunin Nima a birnin Accra. Na karanta ilimin akanta a Jami'ar Ghana da ke Legon, bayan bautar ƙasa kuma wani kamfanin ba da shawara ya ɗauke ni aiki, yau shekarata biyu a can. Albashin ba laifi, amma da asuba nake fita, sai bayan isha'i nake dawowa, ga jarrabawar ACCA, ta samun shaidar ƙwarewa a aikin akanta, ban kammala ba. Wata masana'anta a Tema ta yi mini tayin aiki a sashen kuɗi da albashin da bai kai nawa na yanzu ba, kawuna kuma yana so in koma Kumasi mu riƙe shagonsa na kayan gini tare. Mahaifina ya ce barin irin wannan aiki tun yanzu butulci ne. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka a kan abu guda tukuna, wato barin wannan sana'a ba abin kunya ba ne. Kamfanonin ba da shawara, har da manyan nan huɗu masu ofis a Accra, PwC da Deloitte da KPMG da EY, suna ɗaukar matasa da yawa a ƙasa alhali kujerun sama kaɗan ne, saboda haka su kansu sun san mafi yawan waɗanda suka horar za su tafi bankuna da masana'antu da ma'aikatun gwamnati. Abin da ya cancanci dogon nazari shi ne lokacin tafiyar, da inda za ka nufa, da abin da za ka fita da shi a hannu.

Sai ka bambanta gajiya da ƙin sana'ar kanta, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta sa awa 40 a mako a matsayin lokacin aiki, amma duk wanda ya zauna a irin ofishinku ya san cewa daga Janairu zuwa Afrilu wannan lissafi ba ya aiki, saboda yawancin kamfanoni suna rufe littattafansu ranar 31 ga Disamba, kuma dole su miƙa bayanan harajinsu ga GRA, hukumar tara haraji ta Ghana, cikin wata huɗu. Hukuncin da mutum ya yanke a tsakiyar wannan matsi, bayan ya kwashe makonni bai yi barcin kirki ba, ba kasafai yake zama daidai ba. Ka jira har aiki ya lafa, ka ɗauki hutunka na shekara, sannan ka tambayi kanka: da a ce kullum ana tashi ƙarfe biyar, zan so wannan aikin? Idan amsar e ce, matsalarka ta lokaci ce, kuma sau da yawa neman canjin sashe ko canjin shugaba ya isa. Idan kuwa abin da ke cin ranka shi ne ka rubuta rahoto ka miƙa ka wuce ba tare da ka ga an aiwatar ba, kamar likitan da ke rubuta magani amma bai taɓa ganin mara lafiyan ya warke ba, to wannan ɗabi'ar sana'ar ce, ƙarin girma ba zai gyara ta ba, kuma tayin Tema ya dace da kai.

Batun jarrabawa shi ne na fi ba wa nauyi. Shekara biyu a wannan aiki takan koya wa mutum saurin fahimta da tsara bayanai da magana gaban manya, amma mai ɗaukar aiki ba ya iya auna waɗannan daga takardar neman aiki, yayin da shaidar ƙwarewa kowa ya san darajarta. ACCA tana buƙatar wata 36 na aikin da ya shafi fannin, wanda ƙwararren akanta zai sa hannu ya tabbatar. Ba dole ne a yi su duka a wuri ɗaya ba, don haka ka tambayi mutanen Tema ƙarara ko akwai akanta mai shaida da zai kula da kai, ka kuma sa shugabanka na yanzu ya sa hannu a kan watannin da ka riga ka yi kafin ka tafi. Ka sake karanta kwantiraginka ma, domin kamfanin da ya biya wa ma'aikaci kuɗin jarrabawa yakan sa sharaɗin a mayar masa da kuɗin idan an tafi kafin wani wa'adi.

Wajen kwatanta albashi, kada ka tsaya a adadin da ke shiga asusunka. Ka haɗa da inshorar lafiya, da alawus na mota, da kuɗin zirga-zirga tsakanin Nima da Tema, ko kuɗin haya idan za ka tare a can, kasancewar dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba a wata shida amma masu gidaje sukan nemi na shekara ɗaya ko biyu. Wanda ya ga hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar 2022 ya san cewa ɗan ragin albashi yana iya zama babban giɓi, musamman ga wanda gida ke jiran hannunsa. Ina ganin kada ka motsa sai kana da ajiyar da za ta riƙe ka da masu dogaro da kai na wata shida.

Shagon kawu ne hanyar da ta fi wuyar dawowa. Aikin shago ba lallai ya shiga lissafin watanninka na ACCA ba, kuma gudummawar fanshonka za ta tsaya sai dai ka ci gaba da biya da kanka. A yanzu kamfani yana zuba kashi 13 na ainihin albashinka, kai kana zuba kashi 5.5, kuma SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta Ghana, ba ta ba da fanshon wata-wata sai ga wanda ya biya na aƙalla wata 180. Ba ina raina kasuwa ba ne, don ita ta gina gidaje da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi ta kuma biya kuɗin makarantar irinku. Sai dai kasuwancin dangi da ba a rubuta sharuɗɗansa ba yakan ci dukiya ya ci zumunci. Idan zuciyarka na can, ka fara da gyara wa kawu littattafan shago lokacin hutu, in kwantiraginka bai hana ba, ka ga ainihin riba da bashin da ke waje, sannan ku rubuta a gaban shaidu ko kai ma'aikaci ne mai albashi ko mai kaso.

Mahaifinka kuwa tsoro ne ya sa shi faɗin haka, tsoron wanda ya san wahalar da aka sha kafin ɗan zango ya kai irin wannan ofishi. Kada ka je masa da koken gajiya. Ka je da takardar tayin aiki, da lissafin kuɗi, da ranar da kake sa ran gama jarrabawa, idan da hali ka tafi da wani babba da yake jin maganarsa.

Ra'ayina shi ne, idan Tema ta tabbatar maka a rubuce da akanta mai kula da kai da lokacin karatu, ka karɓa. Idan ba ta yi ba, ka ƙara shekara guda inda kake ka cika watanninka, shagon Kumasi kuma ya jira. Duk ranar da za ka tafi, ka ba da sanarwa yadda kwantiraginka ya tanada, ka miƙa ayyukan da ke hannunka cikakku, kada kuma ka ɗauki bayanan abokan hulɗa ko fayil guda, domin masu wannan sana'a a Accra sun san juna, kuma shugabanka na yau ne za a kira a tambaya game da halinka. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.