Wace shimfiɗa zan sa a kambas don dunduniyata ta daina ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan fita gudu bayan sallar asuba sau huɗu a mako, daga Gandun Albasa zuwa filin wasa na Ƙofar Mata in dawo. Wata biyu ke nan, da na sauko daga gado sai in ji kamar na taka ƙusa a dunduniyar dama, in na ɗan yi tafiya ya lafa. An ce in sayi shimfiɗar cikin takalmi mai laushi. Wacce ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ka kwatanta ciwon nan, ya fi kama da na jijiyar tafin ƙafa, wata faffaɗar jijiya da ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Takan tsuke yayin barci, shi ya sa takun farko ya fi zafi.

Wanda ya ce ka nemi mai laushi ya so ka da alheri, amma laushi kaɗai ba ya biyan buƙata. Soso zalla daɗinsa na 'yan kwanaki ne, daga nan ya lotse, jijiyar ta ci gaba da jan da take sha a kowane taku. Nemi wadda tsakiyarta ke da tudu mai ɗan tauri da zai tallafi lanƙwasar ƙafa, bayanta kuma da gurbi kamar ƙoƙo da zai riƙe dunduniya. Danna tudun da babban yatsa tun a gaban mai kaya. In ya kwanta nan take, ajiye masa abarsa.

Tsayin tudun kuwa ƙafarka ce za ta faɗa. Jiƙa ta ka taka busasshen siminti. In sawun ya fito cikakke, ƙafarka shimfiɗaɗɗiya ce, tudu gajere za ka ɗauka, don mai tsayi zai tokare ka har ya yi maka bororo. In tsakiyar sawun siririya ce, ɗauki mai tsayi da ɗan ƙarin laushi. Wannan ta kasuwa ta wadatar da yawancin mutane da farko, ba sai an kashe kuɗi an ƙera ta musamman ba.

Ka zare ta asalin takalmin kafin ka sa sabuwar; masu jibga biyu su ne ke dawowa da ciwon yatsu. In ta yi tsawo, ɗora tsohuwar a kai ka rage ta gaba, kada ka taɓa bayan. Sa a ƙafa biyu duka, ka fara da yawo na awa ɗaya ko biyu a rana, bayan mako guda ka gwada gajeren gudu.

Duba takalmin kansa ma. Galibi kambas na gudu kan gama aikinsa tsakanin kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa, irin wanda muke tsinta a Ƙofar Wambai, ba ka san nisan da mai shi na farko ya ci da shi ba. Ajiye shi a tebur ka kalle shi ta baya. In ya karkace, babu shimfiɗar da za ta cece shi.

A yanzu dai rage gudun kan kwalta, ka riƙa miƙar da sha-raɓa a jikin bango, ka murza gorar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafar na minti 10. In kana da ciwon suga, ko ƙafar na dindiris ko kumburi, kada ka tsaya gwaji, je Asibitin Ƙashi na Dala. Haka nan in an yi mako shida babu sauƙi.