Layin baƙi a fotokwafi: in biya kuɗin gyara ko in canza inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon littattafai da kayan rubutu a Agege, kuma shekara biyu ke nan da na ƙara da injin fotokwafi na hannu, ɗan Beljiyam, wanda na saya a Ikeja. Kwanan nan ya fara fitar da siririn layi baƙi tun daga saman takarda har ƙasa, wani lokaci kuma kwafin ya fito dishi-dishi. Mai gyara ya ce sashen sikana ne ya mutu, kuɗin da ya yanka mini kuwa ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin injin. Ƙarshen wata zan ɗauki adashi. In biya, ko in sayar in yi ciko in sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kada ka taɓa kuɗin adashin nan tukuna. Akwai gwajin da za ka yi da hannunka yau ɗin nan, wanda ba zai ci maka fiye da takarda uku ba, kuma shi zai nuna ko maganar mai gyaran tana kan hanya.

Injin da ke gabanka inji biyu ne a gida ɗaya. Na sama shi ne mai gani, wato sikana: fitila tana haska takardar, hasken ya bi ta madubai, ya ratsa gilashin da ke tattara shi, ya faɗa kan wani ɗan guntun ido da ake kira CCD, wanda ke mayar da haske ya zama lambobi. Na ƙasa shi ne mai rubutawa: hasken leza yana dukan wani madubi mai fuskoki da yawa da ke juyawa da gudu, ya zana hoton a jikin diram, wato wata ganga da ke juyawa a cikin injin, garin tona ya manne a inda aka zana, sannan hita ta gasa shi a kan takarda. Layi baƙi yana iya fitowa daga sama, yana iya fitowa daga ƙasa, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne.

To ga gwajin. Ka turo shafi ɗaya daga kwamfuta, ko ka sa injin ya buga takardar lissafinsa da kansa. Wannan aikin ba ya bi ta sikana ko kaɗan. In layin ya fito a nan, to sashen sama ba shi da laifi, sai a duba diram, ko robar da ke share shi, ko hita. In takardar ta fito fes, sai ka ɗora takarda a kan babban gilashi ka yi kwafi, sannan ka sake yin wani ta bakin da ke zuƙar takarda da kansa. In ta bakin zuƙa kaɗai layin ke fitowa, ka yi hamdala. A gefen babban gilashin akwai wani siririn gilashi mai tsawo wanda takarda ke wucewa ta kansa, kuma ɗigon farin ruwan goge rubutu, ko gam, ko tawadar biro da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya ja layi daga farkon shafi zuwa ƙarshe. Kashe injin, ka sami tsumma mai laushi da ɗan danshi ka goge, ka kankare abin da ya bushe da farce a hankali.

Dishi-dishin kuma ina zargin Legas ce da kanta. Danshin damina, ƙurar hunturu, da hayaƙin janareta in yana kusa da ƙofar shago, duk suna kwanciya a kan madubai da farin zirin da injin ke auna fari da shi kafin ya fara aiki. Wannan aikin mai gyara ne, domin sai an ɗaga gilashi, amma kuɗin hannu ne kawai, ba na kaya ba. Abu ɗaya: kada a kwance sukurorin da ke riƙe da idon CCD da gilashinsa. A masana'anta aka saita su, in suka goce da wuya a mayar da su daidai a shago.

Ban ce mai gyaranka maha'inci ba ne, domin fitila tana rauni, wayar da ke bin kan sikana tana karyewa saboda kai da komo, idon ma yana mutuwa. Sai dai na lura a sana'o'inmu canza kaya ya fi bincike sauƙi, kuma ya fi kawo kuɗi. Don haka in gwaji ya nuna sama ne, kuma gogewa ba ta yi magani ba, ka nemi ra'ayin mutum na biyu. Shomolu cike take da masu buga takardu, kowannensu yana da mai gyaran da ya yarda da shi. In za a sa kayan, a sa shi a gabanka, a gwada, a ba ka tsohon, a rubuta garanti a jikin rasit ko da na wata ɗaya ne, kuma kada ka biya duka sai ka ga kwafi mai kyau.

Maganar sayarwa kuwa, lambar da ke cikin injin ce za ta yanke hukunci. Kowane inji yana ƙirga shafukan da ya buga. Ka tambayi mai gyara saura nawa diram da hita su kai ƙarshen rayuwarsu. In suna da sauran ƙarfi, gyaran kashi ɗaya cikin uku ya fi maka sayen wani ɗan Beljiyam ɗin da ba ka san cikinsa ba, balle injin da ke fitar da layi, in ka kai shi kasuwa, a wulaƙance za a taya. In kuwa su ma sun kusa, kada ka zuba adashinka a sama wata biyu ƙasa ta buɗe baki.

Idan ta kama ka canza, ka tafi da littafi mai kauri da fasfo ka gwada. Ƙananan injuna da yawa suna amfani da CIS, wato sandar fitilu da idanu da ke manne da gilashi. Ba ta cin wuta sosai, amma abin da ya ɗan ɗaga daga gilashi, kamar tsakiyar littafi, sai ya fito a dagule. Kai da ɗalibai ke kawo wa littattafai, mai madubai ya fi dacewa da kai. Ka kuma karanta farantin bayan injin: ƙarfin wutarmu volt 230 ne, na Amurka 120, na Japan 100, kuma injunan waɗannan ƙasashe biyu sai da taransifoma, ga hita mai cin wuta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne gyara ya zo sai da adashi. Shekara biyu injin yana aiki, ya kamata a ce ya tara wa kansa kuɗin magani. Daga gobe ka buɗe masa littafi daban da na shago: ka rubuta lambar ƙirga safe da yamma, ka lissafa abin da takarda, tona da mai suke ci a kowane shafi, sannan ka ware wani abu a kan kowane kwafi, ko naira biyar ce, cikin asusun da ba a taɓawa. Kuma in sikanar ta warke, ka rubuta a ƙofar shago cewa kana sikanin ana turawa a waya. Masu neman aiki da masu rajistar jarrabawa suna buƙatarsa kullum, ba ya cin takarda, ba ya cin tona, kuma saitin 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ya wadatar da takardar shaida.