Amsa ga ƙanwar da ke son karatun lauya bayan gudun hijira

Ƙanwata, kin ce rikicin Boko Haram ya raba ki da garinku, ya cinye mahaifinki, yanzu shekarunki 27, kina tambaya ko lokacin karatun lauya ya wuce. Allah ya jiƙan Baba. Lokacin bai wuce ba.

Fara da takardunki. Idan sakamakon WAEC ya ɓace lokacin gudu, hukumar tana da shi a ajiye, ki nema. Ana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Adabin Turanci. Daga nan sai JAMB, digiri shekara 5, sannan shekara ɗaya a Makarantar Koyon Aikin Lauya, akwai reshenta a Bagauda da Yola. In makin JAMB ya gaza, ki yi difloma a Kwalejin Shari'a ta Mohammed Goni da ke Maiduguri, ki nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Kuɗin makaranta kuwa, ki nemi lamunin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu.

Abin da ya fi damuna shi ne firgitar da kika ce tana hana ki barci. Karatun lauya cike yake da shari'o'in kisa da fyaɗe, zai iya fama miki tsohon miki. Ki ga likita a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na Maiduguri tun kafin ki fara. Zuwa can ba hauka ba ne.