Kurkur zai raba ni da ciwon baya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni tela ce, shekarata 38, a kan keken ɗinki nake wuni. Wata huɗu ke nan ƙasan bayana na ciwo, ya fi tsananta da yamma. Diclofenac ɗin da nake saya a kemis ya fara tayar min da olsa. Maƙwabciyata ta ce in riƙa dama kurkur a madara ina sha safe da yamma. Yana magani kuwa? Ba shi da illa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar maƙwabciyarki tana da tushe, sai dai an yi mata gishiri. Kurkur, wanda wasu ke ce wa kurkum ko gangamau, yana ɗauke da wani sinadari mai suna kurkumin. Shi ne ke rina hannu rawaya, kuma yana rage kumburi a jiki. Mutanen Indiya sun daɗe suna shan sa a madara. A 2014 likitoci a ƙasar Tailan sun gwada shi a kan mutum 367 masu ciwon gwiwa. Wasu aka ba su miligiram 1,500 na tataccen kurkur kullum, wasu miligiram 1,200 na ibuprofen. Bayan mako huɗu sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne, kuma masu shan kurkur ba su cika kukan ciki ba.

Amma ki lura da abu biyu. Gwiwa aka gwada, ba baya ba, kuma yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan gwiwa aka yi. Sannan tatacce aka ba su, ba garin da ake zubawa a miya ba. Kurkumin ɗin da ke cikin gari bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba, wato ƙaramin cokali guda bai fi miligiram 100 ko kusa da haka ba. Kafin ki kamo abin da aka sha a Tailan sai kin haɗiye fiye da cokali goma a wuni, cikin da ke da olsa kuwa ba zai yafe miki ba. Ɗan abin da aka sha ma, hanji ba ya tsotse shi sosai, hanta kuma ta yi maza ta fitar da saura. Shi ya sa ake haɗa shi da masoro: wani gwaji da aka yi a birnin Bangalor na Indiya a 1998 ya nuna sinadarin da ke cikin irin wannan yaji yana ninka abin da ke shiga jini kusan sau 20. Maiƙon madara ma yana taimakawa.

In kina son gwadawa, ban hana ki ba. Rabin ƙaramin cokali da ɗan barbaɗin masoro a madara mai ɗumi, sau ɗaya a rana, bayan kin ci abinci. Ki ba shi wata guda. In ba ki ga canji ba, ki mayar da shi tukunyar miya. Ki sayi saiwar ki shanya ki daka da kanki, domin a 2019 an gano a Bangaladash ana rina shi da sinadari mai dalma don ya ƙara kyan launi, mu kuwa mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010.

Kafso ɗin kurkur da ake talla a waya ne ba na so ki taɓa sai da sanin likita. An samu waɗanda hantarsu ta kumbura bayan shan irinsa a Italiya a 2019, hukumar magunguna ta Ostireliya ma ta yi gargaɗi a 2023. Duk mai sha da ya ga idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ya dakata ya nufi asibiti. Mai juna biyu, mai tsakuwa a matsarmama ko ƙoda, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, da wanda za a yi wa tiyata, su tsaya a kan na abinci kawai.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne keken da wata huɗun. Ciwon da ke ƙaruwa da yamma bayan an wuni a duƙe, galibi na tsoka ne da zama, kuma kurkur ba ya gyara kujera. Ki samu mai majingina, ki tokare ƙugunki da ƙaramin filo, ki daidaita tsayinta yadda ba sai kin rusuna wa allura ba. Duk rabin awa ki miƙe ki taka, ko da layin sallah ya taru a gabanki. Tafiyar minti 20 zuwa 30 kullum da gashi da ruwan ɗumi sun fi kwanciya amfani.

Yawancin ciwon baya na lafawa cikin mako shida. Naki ya haura wata uku, don haka lokacin ganin likita ya yi. A wajenmu da an ce baya sai a ce basir ne ko sanyi, a yi ta jiƙo, alhali tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, kuma mun sha ganin wanda ya iso bayan ƙafafu sun mutu. In akwai zazzaɓi, gumin dare, rama, ko ciwon da ke hana ki barci, kada ki kai mako. In ƙafa ta fara rasa ƙarfi ko ta yi dindiris, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ranar za ki tafi.

Diclofenac ɗin nan kuma ki ajiye shi yau, kada ki musanya shi da ibuprofen, gidansu ɗaya wajen cin ciki. Ki riƙe farasitamol kafin a duba ki, kuma ki gaya wa likitan har maganar olsar da kurkur ɗin.